Buhun Taki Ba Ya Aiki a Kan Fako

Duk wanda ya zauna da manoman masara a Giwa ko Saminaka ko Dandume bayan kaka ya san tambayar da ake fara yi wa wanda gonarsa ta yi kyau: "Buhu nawa ka zuba?" Ita ce dai ake yi wa wanda tasa ta ƙi. In ya ce shida, a ce ai da ka kai takwas. In ya ce takwas ɗin ya zuba, a ce to na jabu aka sayar maka, ko ruwa ne ya yi maka gardama. Ban taɓa jin an tambayi mutum ina karan bara ya tafi ba. Ni kuwa a ganina, a gonar tudu, makomar karan nan ita ke yanke yawan abin da buhun zai haifar.

Ina noman masara a wata gonar gado a ƙasar Giwa, jan gargari mai ɗan gangara, ba fadama ba. Ba na cikin masu kiran a daina takin zamani, kuma ba na jin wanda ya taɓa ciyar da gida daga gonar tudu zai yi wannan kira. Masara ba gero ba ce, ba ta san haƙuri ba. In ka hana ta abinci a makonninta na farko, ko ka ba ta daga baya ba za ta yafe ba. Abin da nake ja a kai shi ne, mun shekara kusan hamsin muna lissafin noma da buhu kawai, manomi da ɗan siyasa da ɗan jarida, har mun manta da ƙasar da ake zuba buhun a kanta.

A zamanin kakanninmu masara abar bayan gida ce. Ana shuka ta inda ake zubar da shara da toka da kashin awaki, a gasa ta ɗanya a ci kafin gero ya nuna. Gonar tudu ta dawa ce da gero da gyaɗa da auduga. Abin ya sauya ne daga 1975, lokacin da aka buɗe shirye-shiryen bunƙasa noma na Funtuwa da Gusau da Gombe da tallafin Bankin Duniya. Aka yi hanyoyin karkara, aka kawo farin iri mai suna TZB, aka kawo taki da gwamnati ke biyan kaso mafi tsoka na kuɗinsa. Cikin shekaru kaɗan masara ta fita daga bayan gida ta mamaye tudu. Da ƙungiyar Sasakawa ta zo jihohin Kaduna da Kano a 1992, manoma suka ga tan 4 zuwa 5 a hekta a gonakin gwaji, suka koyi shuka ƙwaya ɗaya a rami da auna taki da murfin kwalbar lemo. Duk wannan alheri ne, ba na musu. Sai dai mun ɗauke masara daga wurin da ƙasa ta fi baƙi da danshi, muka kai ta inda ƙasa ta fi rauni, muka tafi mata da buhu, muka bar shara da kashin dabba a gida. A farko abin bai nuna ba, don gonakin suna da sauran ƙarfi daga hutun da ake ba su. Yanzu wa ke da filin da zai bari saura?

Ƙasar tudu a wannan yanki tsohuwa ce, ruwan dubban shekaru ya wanke ta. Yumɓun da ke cikinta ba ya riƙe abincin shuka sosai, saboda haka nauyin riƙon ya koma kan ruɓaɓɓen ganye da saiwa da kashi da ke gauraye a cikinta. Shi kuwa wannan ruɓaɓɓen abu, in aka auna kabon ɗinsa a yawancin gonakinmu, bai kai kashi 1 cikin 100 ba, sau da yawa ma rabin haka ne. Ga kuma wata matsala da duk manomin Zazzau ya sani: ƙasarmu tana da lallausan yashi da iska ta tara tun tale-tale, ruwa ɗaya mai ƙarfi ya isa ya sa samanta ya yi ɓawo. Daga nan ruwan da ya biyo baya ba shiga yake yi ba, gudu yake yi, ya kwashi saman ƙasa da takin da aka barbaɗa ya kai rafi. Zariya tana samun ruwa wajen milimita 1,000 a shekara, wanda ya ishi masara har da rara. Amma ka tona kunya bayan an kwana ana ruwa a gonar da ta yi fako, ka ga iya inda jiƙar ta tsaya. Zuba yuriya a irin wannan wuri ɗiban ruwa ne da kwando.

Ba sabuwar magana ba ce, kuma ba daga waje aka kawo mana ita ba. A Samaru, tun 1950 aka ware filaye ana gwada kashin shanu da takin zamani, kowanne shi kaɗai da kuma a haɗe, shekara bayan shekara a wuri ɗaya. Wannan gwaji yana cikin mafiya daɗewa a Afirka. Abin da ya nuna shi ne, filin da aka yi ta ba takin zamani zalla, musamman mai naitirojin, ƙasarsa ta yi tsami, ruɓaɓɓen abin da ke cikinta ya ragu, amfanin ya soma ja da baya. Wanda aka haɗa masa biyun shi ya riƙe ƙarfinsa. A Sadore, kudu da Yamai, mai bincike André Bationo da abokan aikinsa sun ga irin haka a kan gero: mayar da kara gona tare da taki ya fi kowannensu shi kaɗai nesa ba kusa ba. Daga Samaru zuwa Giwa ba wata tafiya ba ce, amma sakamakon nan bai iso majalisar manoma ba, buhu ne ya iso.

Me kara yake yi in an shimfiɗa shi? Da farko shi ke karɓar dukan ruwan sama maimakon ƙasa, sai ɓawon ya ragu, ruwa ya samu lokacin nutsewa. Rattan Lal, masanin ƙasa ɗan asalin Indiya da ya yi aiki a cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan daga 1970 zuwa 1987, ya auna wannan a filaye masu gangara daban-daban. Ya samu cewa tan 4 zuwa 6 na busasshiyar ciyawa a hekta yana kusan tsayar da zaizayar ƙasa ɗungurungum. Aikin da ya faro a can yana cikin abin da ya sa aka ba shi babbar lambar yabo ta abinci ta duniya a 2020. Ibadan ba Zariya ba ce, na sani, amma ɗigon ruwa a kan tsirarar ƙasa halinsa ɗaya ne ko'ina.

Sai zafi. Tsirarar ƙasa a farkon damina tana wuce digiri 40 da tsakar rana, saiwar ƙaramar masara kuwa a nan sama take. Wanda ya sa hannu ƙarƙashin tarin kara da azahar ya san bambancin ba sai an kawo masa ma'auni ba. Wannan sanyi da danshi su ne ke raba gona da gona idan ruwa ya ɗauke na mako biyu a watan Yuni, ko kuma, wanda ya fi muni, lokacin da masara ke fitar da gemu tana shirin goyo. A irin wannan lokaci takin da ka zuba yana nan a ƙasa, amma shuka ba ta cin busasshen abu. Sai da ruwa take sha. Manomi ya biya kuɗin buhu cif, masara ta samu abin da danshi ya ba ta dama. Ko a shekara mai kyau, abin da shuka ke ɗauka daga naitirojin ɗin da aka zuba yawanci bai kai rabi ba.

Akwai kuma abin da ke cikin karan kansa. Mafi yawan fotash ɗin da masara ta zuƙa daga ƙasa, wajen kashi uku cikin huɗu, ba ya tafiya cikin ƙwaya, a kara da ganye yake zama. Iyayenmu mata sun riga masana sanin haka, shi ya sa tokar kara suke tacewa su samu ruwan toka na miya. Wato duk amalanken kara da ya fita daga gona ya fita da wani yanki na takin kamfa da aka saya da tsada. In kuma ƙonawa aka yi a watan Afrilu, naitirojin ya bi hayaƙi, tokar da ta rage iskar farkon damina ta raba ta da gonar.

To in abin haka yake da sauƙi, me ya hana? A nan nake rabuwa da masu zuwa taron bita da hotunan gonakin Brazil da Amurka suna cewa manominmu bai waye ba. Manomi bai jahilci amfanin kara ba. Ya san masarar da ta fito inda aka tara kara bara ta fi ta gefenta duhun ganye. Abin da ya sani wanda mai bita bai sani ba shi ne, kara yana da masu shi da yawa. Tumaki da awakin gida suna jiran karmami. Uwargida tana jiran abin hura wuta, ga itace ya yi tsada, gas kuwa sai a birni. Danga tana son gyara, rumfa tana son sabon rufi. Mai kiwon shanun turka yana zuwa da kuɗi a hannu, a daidai lokacin da ake neman kuɗin makaranta. Wanda ya jure duk wannan ya bar nasa a gona, to ya ajiye wa dabbobin gari da garken da zai ratsa da rani. Na san masu cinna wa karansu wuta ba don komai ba sai don kada ya jawo musu shanu, shanu su jawo magana, magana ta kai inda ba a so. A halin rashin tsaron da aka shiga a Birnin Gwari da Giwa da Faskari, ba zan ga laifin wanda ya zaɓi zaman lafiya a kan danshin ƙasa ba.

Da can akwai tsarin da ya warware wannan. Bayan girbi manomi yakan gayyaci Bafulatani ya sauka a gonarsa, shanu su ci kara su kwana a wurin, har a ba makiyayi dawa a kan haka. Kara bai bar gona ba ke nan, ya bi ta cikin saniya ya dawo. Yau a wurare da yawa amanar ta karye. Shanu suna ci a gonar wani su kai kashin wani wuri, ko a kwashe karan a kai gari, takin da ya fito daga ciki ya ƙare a gonar da ke kusa da gida ko a lambun mai kuɗi. Gonar nesa, wadda ita ce babba, kullum bayarwa take yi.

Akwai kuma gaskiyar da masu yabon lulluɓe ƙasa ba su cika faɗa ba. Karan masara abu ne mai tauri, naitirojin ɗinsa kaɗan ne. Ƙananan halittun da ke ruɓar da shi sai sun ranci naitirojin daga ƙasa kafin su yi aikinsu, kuma a lokacin da ƙaramar masara ke nema suke ranta. Shi ya sa wanda ya shimfiɗa kara a matacciyar gona bai sa taki ba zai ga shukarsa ta yi ɗorawa, ya rantse ba zai sake ba. Halittun za su biya bashin daga baya, amma masara ba ta jira. Sa'an nan a duba lissafi: gonar da ta ba da tan 2 na ƙwaya a hekta, wanda shi ne kusan matsakaicin abin da ake samu a Nijeriya, karanta bai fi tan 2 zuwa 3 ba. Ko ba a taɓa ko ɗaya ba, bayan wata shida na rana da gara, abin da zai kai damina bai isa ya rufe ƙasa yadda Lal ya gwada ba. Saboda haka mai cewa a bar taki a koma kara bai yi lissafi ba. Taki ne ke samar da karan da za a shimfiɗa. Gonar da aka ciyar ta ba da tan 4 ita ce ke da karan da zai ishi akuya ya kuma ragu wa ƙasa.

Gara ma a yi mata adalci. Gaskiya ne tana cin kara, wani lokaci har ta kayar da masarar da ta bushe a tsaye. Amma ramukan da take haƙawa su ne ƙofofin da ruwa ke bi. Manoman Nijar da Burkina Faso da gangan suke jibge kara da rassan itace a kan fako don gara ta zo ta fasa shi, kuma yana fasuwa. Tsutsar da ke huda kara kuwa, wadda ke kwana a cikinsa duk rani, ta fi samun mafaka a karan da aka jingine tsaye a inuwa. Wanda aka kwantar a fili rana tana kashe da yawa daga cikinta.

Abin da nake yi, kuma nake ganin ya fi dacewa da mai garmar shanu, ba rufe gona gaba ɗaya ba ne, don garma ba ta shiga cikin kara a warwatse. Bayan an karye masara, a zage ganye da saman kara, wanda dama shi dabba ke so, a kai gida. Gindin mai kauri, wanda saniya ke taunawa ta tofar, a sare shi a kwantar a kwarin kunya, a bi gangara a gicciye. Yana tare ƙurar hunturu, yana tare ruwan farko, idan aka zo huɗa kuma aka fasa tsohuwar kunya sai ƙasa ta hau kansa ya ruɓe a inda saiwa za ta same shi. Masu feshi su shuka ba huɗa, waɗanda suke ƙaruwa yanzu, su nasu ya fi sauƙi, sai su bar shi a sama.

Gurbin abincin dabba kuma harawa ce ke cike shi. Karan masara abinci ne na cika ciki kawai, furotin ɗinsa bai kai rabin na harawar wake ko ta gyaɗa ba. Wanda ya ware sulusin gonarsa ya sa waken soya ko gyaɗa ko wake, yana juyawa duk shekara, ya rage wa kansa neman kara, ya kuma rage ƙuduji, don waken soya irin su TGx 1448-2E yana sa ƙwayar ƙuduji ta tsiro ta rasa abin kamawa ta mutu. Manoman Biu da Hawul da Kwaya Kusar sun ga amfanin wannan juyi a shirin da IITA ta gudanar a kudancin Borno daga 2004, waken soya kuwa ya zauna a can har yau.

Shi kuma takin, a ba shi haƙƙinsa. Shawarar masana ga wannan yanki ita ce kilo 120 na naitirojin, 60 na fosfat, 60 na fotash a hekta. Da kamfa 15-15-15, buhu 8 ke nan, da yuriya kusan buhu 3. Mutum nawa ne a ƙauyenku suke iya sayen buhu 11? A daminar 2025, a kasuwanni da dama, buhun masara bai sayi buhun kamfa ba. Wanda buhu huɗu yake da shi gara ya noma inda buhu huɗu zai isa, ya sa wake a sauran, da ya yayyafa wa hekta biyu kowacce ta tashi da yunwa. Kamfa ta shiga da wuri, cikin mako biyu na farko. Yuriya ta biyo a mako na huɗu zuwa na shida, a soka rami a gefen shuka a binne. Wannan binnewa ta fi zama dole inda aka shimfiɗa kara, don yuriyar da ta faɗa kan busasshen ganye iska ce ke shanye ta. Na san binnewa tana cin kuɗin ƙwadago, yara kuma sun fi son su ajiye a gindi su wuce. A tsaya a kansu.

Gwamnatoci kuwa, tasu fahimtar ba ta wuce tirela ba. A 2006 shugabannin Afirka sun taru a Abuja suka yi alkawarin ɗaga amfani da taki daga kilo 8 zuwa kilo 50 a hekta kafin 2015. A Nijeriya an yi rabon buhu biyu ta wayar salula daga 2012. An yi shirin shugaban ƙasa na haɗin gwiwa da Maroko da ya sayar da buhu a naira 5,500 a 2017. A 2022 an buɗe masana'antar yuriya ta Dangote a Legas mai iya fitar da tan miliyan 3 a shekara, har waje ake kaiwa. Duk da haka hektar masara tana nan tana zagaye tan 2. Sai a taron Nairobi na 2024 aka sa lafiyar ƙasa a gaba tare da taki. Dalilin jinkirin ba ɓoyayye ba ne: ana iya ɗaukar hoton gwamna a gaban tirelar taki, ana iya rubuta sunansa a buhu, amma ba wanda zai ƙaddamar da karan da aka bari a kwarin kunya. Da za a cire kuɗin tirela ɗaya cikin goma a ɗauki malaman gona, a sa musu mai a babur, a buɗe gonar gwaji a kowace gunduma inda rabi ke da kara rabi babu, taki iri ɗaya, da manoma sun yanke wa kansu hukunci cikin damina uku.

Amma babban aikin ba na Abuja ba ne, na ƙofar gidan dagaci ne. Mutum ɗaya ba ya iya tsare karansa, sai gari ya yarda. A Nijar hukuma ce ke sa ranar sakin gonaki, kafin ranar dabba ba ta shiga, kowa ya san matsayinsa. Mu ma muna iya zama bayan kaka, dagaci da masu unguwa da sarkin noma da arɗo inda ake ga-maciji, a tsayar da magana: daga yaushe dabba za ta shiga, wace gona aka yi wa alama ba a ɗibar mata kara, me za a yi wa yaron da ya cinna wuta don farautar gafiya, nawa za a ba makiyayin da ya kwana da shanunsa a gona. An saba yin irin wannan zama a kan burtali da mashaya, ba baƙon abu ba ne.

A zaman nan kuma a taɓo maganar haya. Amfanin kara ba ya fitowa sosai a shekarar farko, sai ta biyu da ta uku. Yanzu kuwa gonaki da yawa a hannun 'yan haya suke, shekara ɗaya-ɗaya, kuma kowa ya san in gona ta yi kyau mai ita zai ƙara kuɗi ko ya karɓe abarsa. Ɗan haya da ya san haka zai sayar da kara har da tushiya, kuma daidai ya yi a lissafinsa. Mai gonar da ke zaune a Kaduna ko Kano yana karɓar kuɗi ta waya, in yana son ya tarar da ƙasa ba fako ba ranar da ya yi ritaya, sai ya ba da hayar shekara uku zuwa biyar a kan kuɗin da aka yanke tun farko, a rubuta a gaban mai unguwa cewa gindin kara na gona ne, ba na ɗan haya ba, ba kuma na mai gona ba.